Fure, turare ko gwal: me ya kamata ka saya wa uwargida lokacin ranar masoya a Jidda?

Da zarar Fabrairu ta kama, shagunan furanni a Jidda sai su yi jawur. Wanda ya daɗe a ƙasar nan ta Saudiyya ya san da ba haka abin yake ba. Shekara da shekaru jami'an Hai'a, hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, suna bi shago-shago kafin 14 ga wata suna hana sayar da jan fure, har ta kai sai a ɓoye ake cinikinsa, da ɗan karen tsada. A 2016 gwamnati ta karɓe ikon kama mutane daga hannun hukumar, zuwa 2018 kuwa kayan sun fito fili.

Ranar ba tamu ba ce tun asali. Valentine, wanda ake kiran ranar da sunansa, wani limamin Kirista ne da aka kashe a birnin Rum wajen shekarar 270, daga baya coci ta keɓe 14 ga Fabrairu don tunawa da shi. Haɗa ta da soyayya sai a ƙarni na 14 ya ɓullo a Ingila, kati da cakulan kuma 'yan kasuwa ne suka yaɗa su a ƙarni na 19. Wannan asali ne ya sa Shaihi Ibn Usaimin da kwamitin fatawa na dindindin suka haramta bikin, shi kuwa Ahmad al-Ghamdi, tsohon shugaban Hai'a na Makka, ya ce a 2018 al'adar zamantakewa ce, ba ibada ba. Kowa ya san malamin da yake bi. Amma kyauta tsakanin miji da mata babu mai ja da ita, tunda Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa juna kyauta don a so juna. To tunda za a kashe kuɗi, ko a ranar ko a wata, gara a kashe su inda ya dace.

Jan fure shi ne na ƙarshe a lissafina. Akasarinsa a jirgi ake kawo shi daga Kenya, Habasha da Holan, farashinsa na tashi a makon, kuma kafin mako ya zagayo ya yi yaushi. Idan ita tana so, saya mata ƙwaya kaɗan a ɗora a kan wata kyautar. Cakulan irin na Patchi ko dabinon Bateel su ma haka, kwalin ne ke cin rabin kuɗin. Mai neman dabino ya je kasuwa ya auno Ajwa ta Madina ko Sukkari ta Ƙasim, ya fi yawa kuma ya fi albarka.

Turare ne nake ganin ya fi dacewa da mu. Matan Hausawa a Shara Mansur ta Makka da Karantina ta Jidda ba baƙin ƙamshi ba ne, sun san humra, sun san turaren wuta, hancinsu ba ya ruɗuwa da kwalba mai ƙyalli. Saboda haka a nan ne ya kamata maigida ya natsu. Na feshi da ake sayarwa a Arabian Oud ko Abdul Samad Al Qurashi ya fi sauƙin kuɗi, kuma sukan yi rangwame lokaci-lokaci. Man oud na asali kuwa, wanda ake tatsa daga itacen ƙamshi, da tola ake auna shi, wato ɗan ƙasa da giram 12, kuma kwatan tola ma ya isa kyauta ta girma, don ɗigo ɗaya kan yini a jiki. Na Indiya yana da ƙarfi da ɗaci a farko, na Kambodiya ya fi sanyi da zaƙi, mata da yawa shi suka fi so. Kada ka saya a tsaye. Ka sa a ɗiga maka a bayan hannu, ka fita ka zaga kasuwa, bayan awa guda ka sake shinshinawa. Wanda aka gauraya da wani mai zai gudu ya bar ka da maiƙo kawai.

Sannan ga furen Ɗa'ifa, wanda mutanenmu kan manta da shi alhali ga shi a bayan gida. Ba ja ba ne, ruwan hoda ne, ana noma shi a tsaunukan Hada da Shafa, a tsinke shi da asuba kafin rana ta kwashe ƙamshin, a dafa a tukwanen tagulla a tace mansa. Sai an tara dubban furanni kafin a sami tola ɗaya, shi ya sa tsantsarsa kan haura riyal 1,000. Da shi ake haɗa ruwan Zamzam wajen wankin Ka'aba. Kakarsa Maris da Afrilu ce, ba Fabrairu ba, don haka wanda bai son kyautarsa ta yi kama da bikin da malaminsa ya hana, sai ya jira lokacin ya ɗauki iyali su hau Ɗa'ifa, ya sayo sabon tatsa daga masana'antar. Idan aljihu bai kai ba, ruwan furen yana da araha sosai.

Gwal shi ne kyautar da ke zama ajiya. A kasuwar Balad, cikin tsohon garin Jidda, za a nuna maka karat 21 da karat 18. Na 21 gwal ɗinsa kashi 87.5 ne cikin 100, na 18 kuwa kashi 75, ya fi ƙwari da ado amma ya fi faɗuwa ranar sayarwa. Kuɗinsa kashi uku ne: farashin giram na ranar, ladan ƙira da ake kira masna'iyya, da harajin kashi 15. Farashin giram ba a tayawa, masna'iyya ce ake tayawa, kuma ita ce ke ɓata idan an zo sayarwa. Don haka ɗankunne ko zobe marar duwatsu ya fi mai tarin ado, domin a kuɗin gwal za a auna maka duwatsun, ranar sayarwa kuma a cire su. Karɓi rasit mai nauyi da karat a rubuce, ka ba ta ta adana.

Mai riyal 200 ya tsaya kan turaren feshi mai kyau. Wanda ya fi haka ya nemi kwatan tolar oud, idan kuwa ya kai ga dubu, ya fara tambayar uwargida ko akwai abin da take tarawa, don wata matar ɗankunne ɗaya ya rage mata ta cika saiti.