Kiranyen batir: Ford Kuga da Jeep 4xe ba hanya ɗaya suka bi ba

Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya: dila ya nuna masa mota mai shan fetur da caji, ya ce kamfani ya taɓa yi mata kiranye, wato ya nemi a mayar da ita don gyara, saboda batir, don haka batirin sabo ne. Yana son sanin ko haka abin yake. Malam, kada ka biya kuɗi a kan wannan maganar tukuna. Kiranye daban, sabon batir daban.

Ɗauki Ford Kuga ta 2020 a Turai. Bayan wasu sun kama da wuta, Ford ta ce wa masu motar su daina jona ta a caji, su riƙa tafiya da fetur. Bincike ya nuna datti ne ya shiga ƙwayoyin batirin tun a masana'antar Samsung SDI. Motoci kusan 20,000 abin ya shafa, kuma Ford ba ta tsaya tantance mai lafiya da marar lafiya ba, ta sauke batirin kowace ta ɗora sabo, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021. A Ingila har katin man fam 500 ta ba su na rage zafi.

Jeep Wrangler 4xe da Grand Cherokee 4xe su ma ƙwayoyin Samsung SDI ne a cikinsu, sai dai ciwon nasu a siririyar ledar da ke raba ɓangarori biyu na ƙwayar yake. In ta yage, ɓangarorin su haɗu, sai zafi, sai wuta, ko da motar a kashe take a gareji. A 2024 Stellantis, kamfanin da ke ƙera Jeep, ta kira kimanin 154,000 a Amurka, ta ce a ajiye su waje nesa da gini, kada a yi caji. Maganin fa? A sa sabuwar manhaja a kwamfutar batirin, a gwada shi. Wanda ya faɗi gwaji a canza masa, wanda ya ci a miƙa wa mai shi makulli. Wato maigadi aka ɗaukar wa batirin, ba magani aka ba shi ba. A Nuwamban 2025 aka sake kiran kusan 320,000, har da waɗanda aka riga aka yi wa manhajar, domin cikinsu ma an samu gobara.

Ba wai Ford waliyyiya ba ce. Da matsala ta sake tasowa a Kuga a 2025, ita ma manhajar ta ɗauko, don batir guda ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Inda abin ya shafe ka: canjin kyauta ne, amma a garejin wakilin kamfani na can ƙasar da motar ta fito. Motar da ta sauka Kwatano ko Legas ba a yi mata ba, da wuya ka samu mai yi maka a nan, kuma makanikenka na unguwa ba zai taɓa wayoyin batirin masu ruwan lemo da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi ba in yana son ransa. Karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In ta Amurka ce, sa ta a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, zai nuna kiranyen da ba a kammala ba. Sannan ka ce dila ya kawo takardar aikin, ka duba ko an rubuta canjin batir ko manhaja kawai.