Fanni-fanni ko gaɓa-gaɓa: wanne ya fi wajen shirin Step 1?

Ɗan'uwa, ka ce saura wata shida ka zauna USMLE Step 1, matakin farko na neman lasisin aikin likita a Amurka. Kana tambaya ko ka bi karatun fanni-fanni, wato ka gama anatomi (tsarin jiki) ka shiga fisiyoloji (aikin jiki) har ka kai famakoloji (ilimin magunguna), ko kuwa gaɓa-gaɓa, ka ɗauki zuciya ka gama da ita ta kowace fuska kafin ka koma ƙoda.

Fara da duba jarrabawar kanta. Yini guda ake yin ta, awa 8 har da hutu, tambayoyi ba sa wuce 280, kusan daƙiƙa 90 ke nan ga kowace. Tun Janairun 2022 aka daina ba da maki, ko dai ka ci ko ka faɗi. Yawancin tambayoyin kuma labarin majiyyaci ne. Ga irinsu: dattijo mai gazawar zuciya yana shan maganin zuciya digoksin, aka ƙara masa furosemaid, maganin sa fitsari, saboda kumburin ƙafa, sai ya dawo da amai, yana ganin komai kamar an shafa masa ruwan ɗorawa. Me ya faru? Furosemaid ya toshe hanyar da ke mayar da sodiyam, potasiyam da kuloraid cikin jiki a ɓangare mai kauri na lanƙwasar Henle, wani bututu a cikin ƙoda, potasiyam ya zube ta fitsari. Digoksin kuwa da potasiyam wuri ɗaya suke takarar kamawa a jikin famfon sodiyam da potasiyam na ƙwayoyin zuciya, don haka da potasiyam ya yi ƙasa sai digoksin ya samu fili, ya zama guba. Tambaya ɗaya, amma ta ratsa ƙoda, zuciya da magani.

A nan gaɓa-gaɓa ya yi wa fanni-fanni fintinkau. Wanda ya karanta ƙoda cikin kwana 12, daga tsarinta zuwa aikinta, cututtukanta da magungunan da ke aiki a kanta, ba haddar illolin furosemaid yake yi ba, yana iya ciro su daga wurin da maganin ke aiki. Mai bin fanni-fanni ya yi fisiyolojin ƙoda a wata na biyu, bai haɗu da magungunan fitsari ba sai a wata na biyar. Kafin nan ta shige masa duhu, sai ya koma hadda, ita kuwa ba ta jure tambayar da aka juya.

Sai dai gaɓa-gaɓa na da ramuka biyu, kuma mutane na yawan faɗawa ciki.

Na farko, akwai darussan da ba su da gida a kowace gaɓa. Bayokemistiri (ilimin sinadaran jiki), bitamin, ilimin gadon halitta, garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta da magungunansu, lissafin bincike da ɗa'ar aiki, duk marayu ne a wannan tsari. In ba ka ware musu lokaci ba, za ka yi ta cewa sai an jima har ranar ta zo. Ɗauki ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin jiki. A babin jini za ka gan shi a layi biyu: majiyyaci ya sha primakwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, jajayen ƙwayoyin jininsa sun farfashe. Amma dalilin yana can cikin bayokemistiri. G6PD ne ke samar da wani sinadari mai suna NADPH, shi kuma NADPH ke sabunta gulutatayon mai kare ƙwayar, kuma jar ƙwayar jini ba ta da maitokondiriya, sashen ƙwaya mai samar da kuzari, da za ta samo NADPH ta wata hanya. Haka ƙa'idojin famakoloji: magani na kaiwa daidaito a jini bayan rabin rayuwarsa, wato lokacin da yawansa a jini ke raguwa da rabi, ya zagayo sau 4 zuwa 5, ko na zuciya ne ko na farfaɗiya. Irin waɗannan a dunƙule ake koyonsu, sau ɗaya, da kyau.

Rami na biyu ya fi ɓoyuwa. In kana makon zuciya kana amsa tambayoyin zuciya kaɗai, ka san amsar tana cikin zuciya tun kafin ka karanta labarin. Makinka zai hau, ka ɗauka ka iya. Ranar jarrabawa ciwon ƙirji zai iya zama huhu, maƙoshi ko fargaba, kuma ba mai raɗa maka.

Shawarata ka haɗa su, amma ba rabi da rabi ba. Mako 5 na farko ka ba fanni-fanni: bayokemistiri, garkuwar jiki, tushen fatoloji (ilimin cututtuka) irin su kumburi, mutuwar ƙwaya da ciwon daji, sai ƙa'idojin famakoloji. Mako 14 ko 15 na tsakiya gaɓa-gaɓa, ka ba zuciya, ƙoda da ƙwaƙwalwa kwanaki fiye da fata ko ƙashi. Ƙwayoyin cuta kada ka tara su a mako guda, suna saurin gudu daga kai. Minti 30 kullum ya fi. Sauran mako 6 na tambayoyi a gauraye ne zalla da jarrabawar gwaji.

Tambayoyi kuwa tun makon farko, kada ka jira ka "gama karatu". Guda 40 a rana, da agogo, cikin awa ɗaya. Daga wata na uku ka sa aƙalla 10 daga gaɓoɓin da ka wuce. Bitar su za ta ci awa biyu zuwa uku, kuma kada ka gajarta ta. A kan kowace da ka faɗi, rubuta layi ɗaya: ban sani ba ne, na sani na manta, ko ban karanta tambayar da kyau ba? Ta farko littafi take buƙata, ta biyu katin maimaitawa, ta uku kuma ka riƙa karanta jimlar ƙarshe ta tambayar kafin ka shiga labarin majiyyacin.