Tiyatar karkatar da hanji ko magani: wanne ya fi saukar da suga?

Mai ciwon suga irin na manya, wanda ƙiba ta yi masa yawa, hanya biyu ce a gabansa. Ta farko kowa ya san ta: metformin, allurar insulin idan ta kama, kula da ci da motsa jiki. Ba yanka, ba ɗinki, sai dai shekaru na tafiya magani na ƙaruwa, don ciwon ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ta biyu tiyata ce. Likita zai mayar da tumbi ɗan ƙaramin aljihu, ya haɗa shi da ƙaramin hanji can ƙasa, abinci ya riƙa tsallake farkon hanjin. Abin mamaki, suga kan sauka cikin 'yan kwanaki, tun jiki bai fara ramewa ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne abincin da ya isa ƙasan hanji da wuri yana ƙara fitar da sinadarin GLP-1, shi kuma ya zaburar da insulin. A binciken STAMPEDE na Cleveland a Amurka, bayan shekara 5, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan tiyata ma'aunin HbA1c ɗinsu, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, ya sauka zuwa 6 ko ƙasa. Masu magani kaɗai, kashi 5.

A ganina tazarar ta isa a duba, amma tiyata ba kyauta ba ce. Ƙarancin jini da na bitamin B12 na bin ta, sai mutum ya riƙa shan ƙwayoyin ƙarin bitamin iya rayuwarsa. Wani ya sha zaƙi jiri da gumi su kama shi, wani kuma sugan ya dawo bayan shekaru.