Shekara Guda a Sashen Masu Cutar Sistik Faiburosis: Yadda Na Same Su

Shekara guda ke nan muna kai ɗiyata sashen da ke kula da yara masu cutar sistik faiburosis (cutar gado da ke sa majinar jiki ta yi kauri) a wani asibitin koyarwa, kuma ina ganin ya kamata in faɗi yadda na same su, saboda iyayen da aka tura can suna zullumin abin da za su tarar.

Kafin mu je, mun daɗe muna karɓar maganin tari daban, na gudawa daban, ana ce mana yarinyar ba ta ci sosai, alhali tana ci fiye da yayyenta amma ba ta kumari. Mahaifiyarta ce ta lura cewa duk lokacin da ta sumbaci goshinta sai ta ji gishiri a leɓenta. Da muka faɗa wa likitar wannan sashe, nan take ta tura mu gwajin zufa. An sa wa yarinyar maganin pilokafin mai sa zufa a dantse, aka ratsa shi da ɗan ƙaramin lantarki marar zafi, aka tara zufar na minti 30. Sinadarin kuloraid, wato na gishiri, da ke cikin zufar ya haura 60, wanda shi ne mizanin da ke nuna cutar.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne bayanin da ya biyo baya. Likitar ta ɗauki takarda ta zana mana wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayoyin halitta, wadda gishiri ke bi ya fita, ruwa ya bi bayansa. Idan ƙofar ta lalace, majinar da ke lulluɓe cikin jiki sai ta rasa ruwa, ta yi kauri kamar danƙo. A huhu takan toshe hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. A fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, takan hana ruwan narkar da abinci isa hanji, shi ya sa bayan gida ke fita da maiƙo, yaro yana ci yana ramewa. A ranar na gane cewa tarin da ramar da gishirin goshin duk tushensu ɗaya ne. Ta ƙara da cewa a 1989 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin wannan, mai suna CFTR, kuma ana gadon cutar kamar sikila: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Wannan ya sauke wa matata nauyin zargin kanta da ta daɗe tana yi.

Mai gasa ƙashi ta koya mana bubbuga ƙirji da tafin hannu a ƙudundune don kaki ya fito, kuma ba ta sallame mu ba sai da ta ga na yi daidai. An kuma rubuta mana ƙwayoyin narkar da abinci da ake sha da kowane ci, da bitamin A, D, E da K.

Sai dai akwai gyara. Masu wannan cuta na iya shafa wa juna ƙwayar cutar huhu mai suna Pseudomonas, don haka ake son tazarar kimanin mita 2 tsakaninsu, amma sau biyu muka zauna kafaɗa da kafaɗa da wani yaro mai tari a ɗakin jira. Haka kuma ba a ambata mana maganin Trikafta ba, wanda Amurka ta amince da shi a 2019 don masu nau'in lahanin CFTR da ake kira F508del, sai da na tambaya da kaina. Yanzu an ɗebi jinin ɗiyata don tantance nau'in da take ɗauke da shi, kuma na roƙi a riƙa ba mu layin farko da safe, kafin ɗakin jira ya cika.