Daga Punjab: Hanyar Ƙauye Tana da Mai Ita

Salamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan damina ta yi albarka. Kun sha tambayata farashin shinkafa da kuɗin haya a Indiya, amma yau zancen hanya za mu yi.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. A Mumbai da Bengaluru ruwan damina na farfasa kwalta duk shekara, jaridu su yi ta kukan ramuka. Ƙauyuka ne suka ba ni mamaki. A nan Punjab sai ka sauka daga babban titi ka kutsa cikin gonakin alkama, ka tarar da 'yar siririyar kwalta mai cin mota ɗaya. In kun yi kiciɓis da tarakta dole ɗaya ya raɓe, amma dai za ta kai ka har cikin gari.

Akwai shirin gwamnatin tarayya da ake kira PMGSY, wanda aka ƙaddamar a Disambar 2000 zamanin Firayim Minista Vajpayee. Nufinsa duk ƙauyen da ya kai mutum 500, ko 250 in a kan tsaunuka yake, ya samu hanyar da za a bi rani da damina. Abin da ya fi burge ni sharaɗin kwangilar ne: wanda ya shimfiɗa hanya shi zai ci gaba da gyaranta har shekara 5. In ya yi algus a kwalta ko ya ƙi yin kwalbati, aljihunsa ne zai ji a jika. A bakin hanyar kuma ana kafa allo da harshen mutanen yankin, ɗauke da sunan ɗan kwangila, tsawon aikin, kuɗin da aka kashe da ranar gamawa. Har manhajar waya gare su mai suna Meri Sadak, ka ɗauki hoton rami ka tura ƙorafi. Ba kullum ake zuwa da wuri ba, manoma na mita, amma sun san wanda za su kama.

Punjab kuma tana da nata tsarin. Hukumar kasuwannin hatsi, mandi suke ce musu, tana karɓar kuɗi kan alkama da shinkafar da aka sayar, da shi take gyara da yawa daga hanyoyin ƙauye. Mu ma ai ana yankar mana rasit kan kowane buhu da kowace akuya ranar kasuwa. Ina kuɗin yake tafiya?

A gida hanyar ƙauye ta ƙaramar hukuma ce, ita kuwa sai ta ce albashi ya cinye kasonta. Hukumar gyaran tituna ta FERMA da aka kafa a 2002 titunan tarayya ne aikinta. Dattawanmu na tuna hukumar raya karkara ta DFRRI ta 1986, lokacin Babangida, da ta yi ta share hanyoyin burji, ba a ci gaba da gyara ba, zaizaya ta kwashe. Yanzu sai samari da shebur suna cike rami da jar ƙasa, suna miƙa wa direbobi hannu.

Duk wanda aka fara aikin hanya a garinsu, don Allah ya je wurin kansila ya nemi sunan ɗan kwangila da wa'adin gyara a rubuce. A kuma turo mini nawa ake ɗaukar buhun masara daga garinmu zuwa kasuwa a bana, in kwatanta da na nan. A gaida su Baba da Inna.