Awon ya burge ni, batirin ya ba ni haushi

Sati uku ke nan da na karɓi ƙananan allunan rediyon UWB (fasahar rediyo mai auna nisa tsakanin na'urori) guda shida da na yi oda, don in haɗa na'urorin auna zafi da motsi a cikin gini. Ranar farko kam na sha mamaki. Na ajiye biyu nesa da juna, na ɗauko tef na auna da hannuna, abin da suka nuna bai kauce da santimita 10 ba. Ni da na saba da Bluetooth mai kintacen nisa daga ƙarfin sigina, sai da na maimaita sau uku. Shi kuwa UWB, lokaci yake ƙirgawa: ya harba ɗan bugu na kusan nanosakan 2 (nanosakan shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) a faɗin zangon rediyo na megahaz 500, ya lissafa tafiyarsa, tunda sigina na cin santimita 30 a kowane nanosakan.

To, sai batun batir. Mai sayarwa ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba sa cin wuta. Na yarda, don na san tun 2002 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta ƙayyade ƙarfin watsa UWB ƙasa sosai. Na saka musu batirin CR2032, ɗan kwabon nan, da yamma. Kafin gari ya waye kusan duk sun mutu murus. Ɗaya ma sai kunna kansa yake yana kashewa, fitilarsa na ƙyaftawa kamar mai jin barci.

Ashe ba magana ke cinye wutar ba, sauraro ne. Ɓangaren karɓa, muddin kunnensa na buɗe yana jiran bugu, zuƙar wuta yake ba ƙaƙƙautawa, ɗan kwabon kuma ba ya jure jan wuta mai yawa lokaci guda. Laifina ne da na bar shi a buɗe, na amsa. Amma ai layi ɗaya a takardar bayani da ya wadatar! Kwana huɗu na yi ina gyara manhaja: ɓangaren karɓa ya yi barci, ya farka sau ɗaya a sakan, na kuma ƙara kafasita, ɗan abin da ke tara wuta, kusa da batir.

Yanzu suna aiki lafiya, har na fara huce. Sai jiya na tsaya tsakanin biyu daga ciki, nisan ya ƙaru nan take, saboda jikina ya tare hanya sigina ya bi ta bango. Dole in sake hawa tsani in ɗaga su sama da kan mutum, wannan ma ba wanda ya faɗa min.