Yasukuni ko Hiroshima: wanne ya fi dacewa da iyalin soja?

Hajiya, kin ce maigida hafsan soja ne, za ku yi hutun mako guda a Tokyo tare da yara, shi yana son ganin Yasukuni, ke kuma hankalinki ya fi karkata ga Hiroshima, kuma guzurin ba zai ɗauki komai da komai ba. Ni dai Hiroshima zan zaɓa wa iyali. Amma ba sai an hana shi nasa ba, don ɗawainiyar wuraren biyu ba ɗaya ba ce.

Yasukuni a tsakiyar Tokyo yake, 'yar tafiya ce a ƙafa daga tashar Kudanshita, shiga harabar kyauta, rabin yini ya wadatar. Hiroshima kuwa kusan awa 4 ce a jirgin ƙasan Shinkansen, kuɗin babban mutum ya doshi yen 20,000 zuwa kawai, yara 'yan shekara 6 zuwa 11 rabin haka. Sai kun kwana, in ba so kuke ku wuni a jirgi ba.

Yasukuni wurin bauta ne na addinin Shinto, an kafa shi a 1869 zamanin Sarki Meiji. Babu gawa, babu kabari. Sunayen mutum kusan miliyan biyu da rabi da suka mutu a yaƙoƙin Japan ne ake girmamawa. Rigimar ta samo asali ne daga 1978, lokacin da aka shigar da manyan masu laifin Yaƙin Duniya na Biyu su 14 cikinsu, har da Hideki Tojo, firaministan da aka rataye a 1948. Sarki Hirohito bai sake taka wurin ba tun 1975, magadansa ma haka. Duk sanda wani shugaba ya je, kamar yadda Shinzo Abe ya yi a 2013, Sin da Koriya ta Kudu sai sun yi ca.

Abin da zai ja maigida shi ne gidan tarihin Yushukan da ke cikin harabar. Daga shiga ga jirgin yaƙi samfurin Zero, ga igwa, can ciki ga hotuna da wasiƙun ban kwana na samarin da suka yi ƙunar baƙin wake da jirage. Soja zai ga abin kallo. Sai dai labarin na ɓangare ɗaya ne: ana nuna yaƙin tamkar tilasta wa Japan aka yi, ana kuma tsallake ta'asar da sojojinta suka yi a ƙasashen da suka mamaye. Akwai kan jirgin ƙasa da ya yi aiki a layin dogon Tailan zuwa Bama (ƙasar Myanmar ta yau), layin da dubban fursunonin yaƙi da leburorin tilas suka mutu wajen shimfiɗa shi, amma ba kan wannan aka tsaya ba. Kuma Bama ba baƙon suna ba ne gare mu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa masu jin Hausa, da sojojin Japan suka gwabza a can. Barikin Chindit na Zariya da na Dalet a Kaduna da na Arakan a Apapa duk daga wancan yaƙi suka samo suna. Maigida ya san wannan fiye da ni, saboda haka zai iya karanta bayanan da idon basira. Yaro ɗan shekara tara ba zai iya ba, jirgi da takobi kawai zai gani. Maigida ya je da kayan gida, kuma ya yi tunani kafin ya ɗora hoto a Facebook, hafsan da ke bakin aiki ba kamar kowa ba ne. In ya fito, maƙabartar ƙasa ta Chidorigafuchi na kusa, inda aka ajiye ragowar waɗanda ba a gano sunayensu ba. Wannan ba ta da ce-ce-ku-ce.

A Hiroshima ba makami ake nunawa ba, abin da makami ya yi wa mutane ake nunawa. Bam ɗin nukiliya ya faɗo ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta 1945, kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum kusan 140,000 sun mutu. Kangon wani gini mai ƙubba da bam ɗin ya ragargaza yana nan a bakin kogi yadda aka bar shi. Cikin gidan tarihin, wanda aka buɗe a 1955, akwai keken yaro mai ƙafa uku da ya ƙone, da kwanon abincin ɗan makaranta, da yagaggun riguna. Wasu hotunan suna da nauyi ƙwarai. Ɗayanku ya shiga da manyan, ɗaya ya zauna da ƙanana a lambu, wajen mutum-mutumin Sadako Sasaki, yarinyar da ta rasu sakamakon cutar da bam ɗin ya jawo mata, da tsuntsayen takarda da yara ke aikowa daga ko'ina. Kada a manta, garin kansa cibiyar soja ce a lokacin, kuma a lambun akwai dutsen tunawa da Koriyawan da bam ɗin ya rutsa da su, da yawansu aikin tilas ya kai su.

Abin da ya ƙara rinjayar da ni shi ne washegari. Daga Hiroshima tsibirin Miyajima kusa yake, jirgin ruwa minti goma daga gaɓa. Can ne Itsukushima yake, wurin bautar Shinto mai jar ƙofa da ke tsaye cikin teku idan ruwa ya cika, a kuma taka har gindinta idan ya janye. Sama kaɗan akwai Daisho-in, na mabiya Buddha, sai yara su ga bambancin addinan biyu da idonsu. Barewa na yawo cikin mutane, ku riƙe tikiti da taswira da kyau, takarda suke ci.

Ba wanda zai tilasta muku rusunawa ko tafi a ɗayan wuraren nan. Mai kallo ya tsaya gefe da ladabi ya isa. Okonomiyaki, sanannen abincin Hiroshima, galibi da naman alade ake yi, ku tambaya kafin a zuba. Idan tafiyar a Agusta ce, ku kauce wa Yasukuni ranar 15, ranar tunawa da ƙarshen yaƙin, masu zanga-zanga da 'yan sanda ne ke cika unguwar, ɗakin kwana kuma a Hiroshima wajen 6 ga wata sai wanda ya kama tun da wuri.